Fitar da siffar ƙwai a injin juya itace: matakin farko ga mai koyo a Kankiya da Kusada

Duk wanda ya taɓa wuni yana aiki da guduma ko gatari mai mulmulalliyar ƙota ya san inda matsalarta take. Da zarar tafin hannu ya jiƙe da zufa sai ƙotar ta fara mirginawa, bakin ƙarfen ya kauce daga inda aka auna, ƙusa ta lanƙwashe ko sara ya zame. Shi ya sa gwanayen masassaƙa, da manyan masana'antun kayan aiki ma, kan rage wa irin wannan ƙota gefe biyu, ta yadda in aka dube ta ta bakinta za a ga siffar ƙwai. Hannun da ya riƙe ta ya san inda ƙarfe ya fuskanta ko ido bai duba ba.

Masassaƙi yana fitar da wannan siffa da gizago, bisa ido da sabo. Injin juya itace kuwa, irin wanda kafintoci ke fitar da ƙafafun gado da na tebur da sandunan labule da shi, da'ira kaɗai ya sani: itace na juyawa a kan layi ɗaya, kaifi na tsaye wuri ɗaya, don haka duk abin da ya fito zagayayye ne. Amma akwai dabarar da ke sa wannan inji ya ba da siffar ƙwai, kuma mafi sauƙinta ba ta buƙatar a ƙara wa injin ko ƙusa ɗaya. Fensir ne, da ma'auni, da ɗigo uku a kowane bakin itace.

Kankiya da Kusada ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a tsakiyar Jihar Katsina, a kan hanyar Kano zuwa Katsina, kuma su da Ingawa ɗan majalisar wakilai ɗaya suke da shi. Yawancin jama'arsu manoma ne, ga maƙera, ga magina, ga masu faskare, kowannensu yana cin ƙota. Gado akan saya in za a kai amarya, a shekara da shekaru ba a sake ba. Ƙota kuwa tana karyewa kowace damina. Kafintan da injinsa ƙafar gado kaɗai yake fitarwa yana jiran lokacin bukukuwa ne. Wanda ya iya fitar da ƙotar guduma da ta diga da ta gatari mai ido yana da abin kai wa kasuwar Kankiya da ta Charanci, ko ya baza a mararrabar Gidan Mutum Ɗaya.

Injin da sassansa

Injin yana da kai, inda moton lantarki da bel suke, da tsinke mai haƙora wanda ke cije bakin itace ya juya shi. Yana da wutsiya mai tsinke mai tsini, wadda ke zamewa gaba da baya a kan gadon ƙarfe don ta tokare ɗaya bakin. A tsakaninsu akwai majingina, sandar ƙarfe da ake ɗora kurfi a kanta lokacin yanka. Kurfin da aka fi farawa da shi, wanda kafintoci ke kira cizal, shi ne mai lanƙwasasshen baki kamar indararo. Layin da ya haɗa tsinken kai da na wutsiya shi ne layin juyi, kuma duk dabarar siffar ƙwai a kansa take: a sauya wa itace layin juyi, a sake yankawa.

Wanda bai iya fitar da sanda zagayayyiya mai kauri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba, kada ya taɓa wannan aiki tukuna. A nan ake koyon riƙon kurfi da wasa shi.

Ɗigo uku

A ɗauki misalin ƙotar guduma. Ana samun itace mai kusurwa huɗu, kaurinsa santimita 5 kowane gefe, tsawonsa kamar santimita 40, wato an bar rarar santimita biyu ko uku a kowane baki da za a yanke daga baya. A kowane baki ana jan layi daga kusurwa zuwa kusurwa don a sami cibiya. Sannan a ja layi miƙaƙƙe ya ratsa ta cibiyar daga gefe zuwa gefe, a sa ɗigo biyu a kansa, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne milimita 6 daga cibiya, kusan rubu'in inci ke nan. A yi daidai haka a ɗaya bakin, layin ya kwanta ta fuskar da na farko ya kwanta. A rubuta wa ɗigogin lamba, 1 ga cibiya, 2 da 3 ga na gefe, ta yadda 2 na wannan baki yana gefe ɗaya da 2 na wancan. A huda kowane ɗigo kaɗan da ƙusa don tsinke ya sami mazauni.

Wannan awo kafin itacen ya hau inji ake yin sa, tun yana da kusurwoyi. In ya riga ya zama zagayayye babu sauran gefen da za a dogara da shi, kuma mafi yawan ƙotocin da ke fitowa a murɗe daga nan suka lalace. Haka in aka ɗora 2 a kai, 3 a wutsiya, abin da zai fito ba shi da mai saye.

Da farko ana ɗora itacen a lamba 1, a mulmule shi ya zama sanda mai kauri milimita 40, a fitar da duk wani kumburi ko ƙugu da ake so ƙotar ta kasance da shi. Sai a tsayar da inji, a ja layin fensir biyu a jikin sandar daga baki zuwa baki, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a wuraren da suka gicciye layin ɗigogin nan. Waɗannan layuka su ne gadon baya da cikin ƙota, inda ta fi faɗi, kuma kurfi ba zai taɓa su ba har a gama.

Daga nan a mayar da itacen lamba 2 a bakunan biyu. Yanzu sandar ba ta juyawa a kan tsakiyarta. Gefen da ya fi nisa da ɗigon da aka ɗora shi ke faɗaɗa kewayawa, shi ne kuma kaɗai kurfi zai samu. Mai koyo yakan ruɗe a nan, don yana zaton gefen da ɗigon yake shi za a yanke, alhali kishiyarsa ce. In inji ya tashi, za a ga jikin itacen a tsakiya, da wata inuwa-inuwa a kewayensa. Inuwar nan ita ake yankewa. Kurfi na taɓa itace sau ɗaya a kowane juyi, sauran lokacin iska yake yanka, shi ya sa sautin yake fitowa ƙat-ƙat-ƙat maimakon sululun da aka saba. Ba a tura kurfi ya bi itace cikin gurbin iskar. Ana danne shi a majingina, a matsa da shi kaɗan-kaɗan, itacen ya zo ya same shi. Ido kuma a kan gefen inuwar na sama yake, don a can siffar take bayyana. Farar takarda ko farin allo a bayan inji yana taimakawa ƙwarai wajen ganin ta.

Ana yi ana tsayar da inji ana dubawa, sara ana duban bakin gatari. In yankan ya matso kusa da layukan fensir, saura kamar milimita 4 kowane gefe, sai a tsaya, a koma lamba 3, a yi wa ɗaya gefen daidai abin da aka yi wa na farko. Bisa wannan awo ƙotar za ta fito milimita 40 ta faɗi, 32 ta kauri, da ɗan zirin tsohuwar da'ira mai faɗin kusan milimita 8 a sama da ƙasa. In aka ci gaba da yanka har kaurin ya sauko 30, bakunan yankan biyu za su haɗu su yi tsini kamar ƙwallon mangwaro, wanda ke cin tafin hannu. Wanda yake son ƙota ta fi haka shafewa, nisan ɗigo zai ƙara; wanda yake son ta kusa da zagaye, ya rage shi zuwa milimita 3 ko 4. Ana kuma iya sa nisan ya bambanta tsakanin bakunan biyu, in ana son wajen riƙo ya fi wajen ƙarfe cika.

Abin da ya fito ba cikakkiyar siffar ƙwai ta masu lissafi ba ce. Yankuna huɗu ne na da'ira suka haɗu, da 'yan kusurwoyi huɗu a mahaɗarsu. Ana shafe su da samfefa, inji a kashe, ana bin tsawon itace. Hannu ba ya gane bambancin. Bakin da zai shiga idon guduma kuwa da wuƙa da zarto ake ƙarasa shi, ana gwadawa ana ragewa, domin idanun ƙarfen da maƙera ke bugawa ba su taɓa zuwa ɗaya ba.

Itacen da ya dace

Ƙirya da marke da kanya da aduwa su ne itatuwan da masassaƙan ƙasar Hausa suka daɗe suna nema don ƙota da turmi da taɓarya, saboda tauri da jimirin duka. Sun yi ƙaranci a gonakin tsakiyar Katsina, dazuzzukan yammacin jihar kamar Rugu kuma rashin tsaro ya sa shigarsu kasada ce. Katsina na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya ware a matsayin na bakin hamada, saboda haka sana'ar da za ta dogara ga kayar da tsohuwar ƙirya ba ta da dogon kwana, ba ta kuma da hujja. Abin da ke hannu shi ne bedi, wanda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro, da turare. Bedi in an sassabe rassansa yana sake tohowa, kuma reshe mai kauri ya isa ƙotar guduma da ƙananan kayan aiki. Bai kai marke jure duka ba, don haka ƙotar diga da babban gatari a nema musu mai tauri. Koyo dai da bedi ya kamata a yi, ba a ɓarnatar da marke wajen gwaji.

Itacen da aka tsaga da gatari ya fi wanda aka yanka da zarto, domin tsaga tana bin jijiyar itace, ƙotar da jijiyarta ta miƙe daga baki zuwa baki kuma ita ce ba ta karyewa da wuri. A guji mai ƙulli da mai tsaguwa. In ana ganin zoben shekaru a bakin itacen, a ja layin ɗigogi ya gicciye su, ta yadda zoben zai bi faɗin ƙota, wato fuskar da duka ke sauka.

Sai bushewa. Ƙotar da aka yi da ɗanyen itace tana tsukewa a cikin ido bayan 'yan makonni, kan guduma ya yi lako-lako, wata rana ya fice ya sami wani. Ana jera itacen a inuwa inda iska ke ratsawa, a shafe bakunansa da kakin kyandir ko ragowar fenti don kada hunturu ya tsattsage su. Hanyar gane ya bushe ita ce a riƙa auna nauyinsa kowane mako. Ranar da ya daina raguwa ya isa. Wani abin lura: itace ba ya tsukewa daidai ta kowace fuska, kusan ba ya raguwa ta tsawo, shi ya sa akushin da aka sassaƙa zagayayye da ɗanyen itace yakan ɗauki siffar ƙwai da kansa in ya bushe.

Ido da yatsu

Itacen da ba ya juyawa a kan tsakiyarsa yana jijjiga inji, jijjigar kuma tana ƙaruwa da gudu fiye da yadda mai koyo ke zato: in gudu ya ninka biyu, ƙarfin fizgar yana ninkawa huɗu. A sa bel a mafi ƙarancin gudu, wanda a ƙananan injuna da yawa yake kusa da juyi 500 a minti, a ƙara kaɗan in inji ya natsu. Duk lokacin da aka sauya ɗigo, a juya itacen da hannu sau ɗaya kafin a kunna, a tabbata bai bugi majingina ba, a kuma sake ɗaure wutsiya. A tsaya gefe lokacin kunnawa. Garkuwar fuska ta roba mai gani ta fi tabarau, don guntun da ya ɓalle ba ido kaɗai yake nema ba. Hannun riga mai faɗi, da carbin da aka naɗe a wuyan hannu, da jelar rawani, da gefen mayafi, duk abin da inji zai iya naɗewa ne. Safar hannu ma haka. Ƙurar itace mai tauri tana cutar da huhu, a rufe hanci.

Sauran hanyoyi biyu, da ɗan tarihi

Injin juya itace tsohon abu ne. Akwai zanensa a kabarin Petosiris a Masar, kimanin shekaru 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutum ɗaya na jan igiya ɗaya na yanka. Har yau a kasuwar Marrakesh ta Maroko akwai masu juya itace da baka da tsirkiya, suna riƙe kurfi da yatsun ƙafa. Ƙasar Hausa ta bi wata hanya daban: gatari da gizago, sana'ar gado mai sarkinta, wadda ta ba da turmi da akushi da allo da kujerar mata da gangar kiɗa. Injin juyi a nan ya zo ne tare da kafinta na zamani.

Dabarar ɗigo uku ta dace da dogon abu. Faffaɗan abu kamar firam ɗin madubi ko faranti yana buƙatar wani maɗauri na musamman da ake ɗaurawa a kan inji. Faifai ne mai zamiya, wanda wani zobe da aka kautar daga tsakiya ke turawa gaba da baya yayin da yake juyawa, sai itacen ya bi cikakkiyar siffar ƙwai a gaban kurfi. Gwargwadon kaucewar zoben, gwargwadon bambancin tsawo da faɗi. Sharaɗinsa shi ne bakin kurfi ya tsaya cif a tsayin tsakiyar inji, don a wannan layi kaɗai itacen yake kamar a natse. Turawa kan danganta ƙirƙirarsa ga Leonardo da Vinci. A garin Arlington na jihar Massachusetts a Amurka, masana'antar iyalin Schwamb ta fara fitar da irin waɗannan firam-firam a 1864, lokacin da ɗaukar hoto ya yaɗu, ta ci gaba har 1969, yanzu kuma gidan tarihi ce da injunanta ke aiki. Maɗaurin yana da tsada, yana son gudu kaɗan da mai da yawa. Ba nan mai farawa zai sa jarinsa ba.

Hanya ta uku ita ce ta masana'antu. A 1819 Thomas Blanchard ya yi rajistar injin da ke bin jikin samfuri yana kwafe shi a kan itace. Ma'aikatar makamai ta Springfield ta yi amfani da shi wajen gindin bindiga, daga baya aka kai shi ga ƙotar gatari da ƙirar takalmi. Ƙotocin da ke zuwa maƙale da guduma daga ƙasashen waje jikokin wannan inji ne suka fitar da su, kuma da su ne ɗan Kankiya zai yi gasa a farashi. Inda zai fi su shi ne gyara: gudumar da ƙotarta ta karye ba a mayar da ita masana'anta.

Abin da inji ba zai karɓe ba

Fartanya da hauya da gatarin gargajiya ba su da ido. Tsinin ƙarfen ake ƙonawa a soka a cikin kan ƙota, kan kuma dunƙule ne mai nauyi, galibi daga mahaɗar reshe, jikin ƙotar da ɗan lanƙwasa. Wannan aikin masassaƙi ne, kuma injin da ke son miƙaƙƙen itace ba shi da abin yi a ciki. Rabon inji shi ne kayan da ke da ido ko kube, da mariƙin wuƙa da na zarto da na cokalin magina. Wanda ya sayi inji da nufin kwace kasuwar fartanya ya yi asarar kuɗinsa. Wanda ya je wurin masassaƙi ya koyi zaɓen itace, ya je maƙera ya ga girman idon da suke bugawa, ya rage wa kansa wahalar shekara guda.

Wuta da rabon kayan sana'a

Ƙaramin inji yana aiki da moto mai rabin ƙarfin doki zuwa ƙarfin doki ɗaya, wato wat 370 zuwa 750, amma yana jan fiye da haka lokacin tashi, abin da ke durƙusar da ɗan ƙaramin janareta. Kamfanin KEDCO ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, kuma akwai tashar rage ƙarfin wuta a Kankiya a kan babban layin da ya taso daga Kano. A watan Yulin 2016 kamfanin gwamnatin tarayya mai sayen wuta a dunƙule, NBET, ya sa hannu a yarjejeniya da kamfanoni 14 na wutar hasken rana, ciki har da tasha mai megawat 75 da Pan Africa Solar ya tsara ginawa a Kankiya. Shekaru suka shuɗe yarjejeniyoyin suna kan takarda saboda saɓani kan farashi da lamunin biya. Tun bayan janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuma, kowace ƙota da aka fitar da janareta sai an sa kuɗin mai a lissafinta. Shi ya sa bai kamata a raina injin da ake takawa da ƙafa ba. Da irinsa masu ƙafafun kujeru a dazuzzukan Chiltern na Ingila suka yi ta aiki har cikin ƙarni na 20, dabarar ɗigo uku tana tafiya a kansa, kuma maƙeri da kafinta za su iya haɗa shi.

Nijeriya ta taɓa gwada rabon injuna ba tare da sauran sharuɗɗa ba. Da aka fara tsarin ilimi na 6-3-3-4 a 1982, an shigo da kayan koyar da fasaha daga Bulgeriya da Hungari da Cakosulobakiya aka raba wa makarantun sakandare; da yawa sun yi tsatsa a cikin akwatunansu, saboda babu ɗakin aiki, babu wuta, babu malamin da ya san su. Hukumar ICPC, wadda ta fara bibiyar ayyukan mazaɓu a 2019, ta sha nuna cewa rabon kayan sana'a na cikin ayyukan da suka fi wuyar bin sawu. Saboda haka in aka ji sanarwar raba injunan kafinta a mazaɓar Kankiya da Kusada da Ingawa, tambayoyin da suka dace ba su da yawa: wa zai koyar, mako nawa, da wace wuta, an haɗa da kurfi da dutsen wasawa da garkuwar fuska, kuma a wane shago injin yake bayan wata shida. Kwalejojin fasaha na jihar irin na Funtuwa da Mashi, da Ƙauyen Koyon Sana'o'i na Matasa da ke birnin Katsina, su ne wuraren da ya kamata a fara tambaya ko darasin ya wuce ƙafar tebur.

Ga mai shirin farawa, lokaci ma yana cikin lissafi. Kasuwar ƙota tana tashi ne gab da faɗuwar damina, lokacin sharar gona da gyaran ɗakuna. Itacen da zai hau inji a watan Afrilu ko Mayu, tun bayan girbi, a Nuwamba ko Disamba, ake tsaga shi a toshe bakunansa a jera a inuwa. Watannin da ke tsakani sun isa a lalata rassan bedi ashirin ko talatin wajen koyon bin inuwa.